Sayen Tsohon Gida a Ingila: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ginshiƙin Murhun da Aka Cire Babu Takarda

An rubuta wannan shafi ne domin masu shirin sayen tsohon gida a Ingila ko Wales, musamman waɗanda rahoton duba gini ko wasiƙar lauya ta sanar da su cewa an cire ginshiƙin murhu a gidan, kuma mai sayarwa ba shi da wata takarda da ke nuna hukuma ta amince da aikin. Mutanenmu da suka tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ba su saba da gida mai murhun ɗumama ɗaki ba, saboda haka sau da yawa suna ɗaukar maganar a matsayin ƙaramar matsalar takarda da lauya zai warware, alhali kuwa magana ce ta tarin jan bulo da ke rataye a saman ɗakin kwana.

Mene ne ginshiƙin murhu, kuma me ya sa ake cire shi?

Gini ne na jan bulo da ya turo daga bango zuwa cikin ɗaki, murhu yana gindinsa, hanyar hayaƙi kuma tana cikinsa. Yana tashi daga tushen gida, ya ratsa ɗakin ƙasa, ya ratsa ɗakin bene, ya bi ta sararin da ke tsakanin silin da rufi, sannan ya ɓullo a saman rufin a matsayin bututun hayaƙin da ake hangowa daga titi. Gidajen jere da aka gina a zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901, da waɗanda suka biyo baya har zuwa shekarun 1930, kusan kowane babban ɗaki a cikinsu yana da murhu, domin da gawayin kwal ake ɗumama gida a lokacin.

Bayan baƙin hazon hayaƙi da ya lulluɓe Landan a watan Disamba na 1952 ya hallaka dubban mutane, majalisa ta yi Dokar Tsabtace Iska ta 1956, daga nan kuma ɗumama gida da gas ya yi ta yaɗuwa har murhu ya daina aiki a yawancin gidaje. Ɗakunan waɗannan gidaje ƙanana ne, ginshiƙin kuma yana cin wurin da za a iya jingina gado ko kabad, shi ya sa masu gidaje da yawa suka kira magini ya rushe shi. Wasu sun bi ƙa'ida, wasu kuwa ba su sanar da kowa ba.

Tun da gidan yana tsaye shekara da shekaru, ina haɗarin yake?

Haɗarin yana tasowa ne idan aka rushe ɓangaren ƙasa aka bar na sama, wanda shi ne abin da aka fi yi, domin rushe bututun da ke saman rufi yana buƙatar kafa sikafol, wato ƙarfunan da magina ke hawa su yi aiki a sama, da gyaran rufi, wani lokaci ma ba zai yiwu ba saboda rabin bututun na maƙwabci ne. Abin da ya rage a sama ya rasa abin da yake tsaye a kai, kamar a zare ginshiƙi daga tsakiyar soro a bar azara da ƙasar rufi. Ginin jan bulo mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana kusan tan biyu, saboda haka ragowar ginshiƙi da bututunsa suna iya kai tan guda ko fiye.

Daɗewar gini a tsaye ba hujja ba ce cewa an tallafe shi yadda ya kamata. Sau da yawa abin da ke riƙe da ragowar shi ne sarƙewar bulo da bangon da ke bayansa, kuma wannan sarƙewar tana raguwa yayin da kwaɓin da ke tsakanin bulo yake ruɓewa saboda ruwan sama da tsohon toka mai cin gini. Iska mai ƙarfi tana tura bututun da ke waje, katakon da aka ɗora wa nauyin yana lanƙwasawa a hankali, sannan idan maƙwabci ya tashi rushe nasa ginshiƙin daga ɗaya gefen bangon, abin da yake daidaita nauyin ya tafi ke nan. Ginin bulo kuma ba ya yawan ba da dogon gargaɗi kafin ya saki.

Akwai wasu matsaloli biyu da ba a cika ambata ba. Ginshiƙin yana ƙara wa dogon bango ƙarfi, cire shi yana iya barin bangon da rauni. Haka kuma a bangon da gidaje biyu suke tarayya, abin da ya raba hanyar hayaƙin wannan gida da ta wancan wani lokaci bulo ɗaya ne a kwance, idan kuwa magini ya sassaƙe shi da yawa, hayaƙi ko iskar kabon monoksaid daga murhun maƙwabci na iya kutsowa cikin ɗakinka.

Yaya zan gane an cire shi tun kafin in biya kuɗin dubawa?

Ka fara daga titi. Tsaya a ɗaya gefen hanya ka dubi rufin, ka lura da inda bututun hayaƙi yake da yawan tukwanen da ke bakinsa, domin kowace tukunya tana nuna murhu guda da aka taɓa yi a gidan ko a na maƙwabci. Idan ka shiga ciki, ka nemi bangon da ke daidai ƙarƙashin bututun. In ka tarar da shi a miƙe sumul a falo ko a ɗakin bene alhali bututun yana nan a sama, to an cire wani abu. Kwatanta gidan da na maƙwabta masu irin gininsa yana taimakawa, kuma hotunan tallan gidajen layin da dillalai suka sa a intanet sukan nuna yadda ɗakunan suke tun asali.

Aikin yakan bar sawu. A ƙasa za ka iya ganin daɓen siminti ko dutse mai kusurwa huɗu a tsakiyar katakon daɓe, inda murhun yake a da, ko gajerun katakai sababbi da aka cike gurbin da su, ko ka ji kafet ya canza tauri a ƙarƙashin ƙafarka a daidai wurin. A sama, adon filasta da ya kewaye silin yakan yanke ko ya canza fasali na tsawon mita ɗaya da wani abu. Tsagewa a silin kusa da bango, ko silin da ya ɗan sunkuyo, ko tabon laima mai launin ruwan kasa a saman bangon, duk alamu ne da bai kamata a wuce su ba.

Amsa ta gaskiya dai tana cikin rufi. Ka roƙi dillali ya buɗe ƙofar silin, ka leƙa da tocila. Abin da ake son gani shi ne azarar ƙarfe mai kauri da ta ɗauki ragowar bulon, bakinta biyu suna zaune a kan bango. Abin da masu duba gini suke yawan tararwa a irin waɗannan gidaje kuwa shi ne bulon ya ƙare a kan falankin katako da aka gitta bisa siraran katakan silin, ko a kan falalen siminti irin na shimfiɗar tsakar gida, ko ma yana rataye babu komai a ƙarƙashinsa sai auduga mai hana sanyi. Kada ka taka cikin rufin idan ba a shimfiɗa masa katako ba, leƙawa daga tsani ta wadatar a wannan mataki.

Waɗanne takardu ya kamata mai sayarwa ya kawo?

Cire ginshiƙin murhu aiki ne da ya taɓa ƙarfin gini, saboda haka yana ƙarƙashin Ƙa'idojin Gini, waɗanda na yanzu a Ingila su ne na 2010 a ƙarƙashin Dokar Gini ta 1984. Babbar takardar ita ce shaidar kammala aiki daga sashen kula da gini na ƙaramar hukuma, ko takardar ƙarshe daga kamfanin dubawa mai lasisi. Tare da ita ana sa ran ganin lissafi da zanen injiniyan gini, da kuma takardar yardar maƙwabci idan bangon na tarayya ne. Izinin tsara gari wani abu ne dabam, kuma galibi ba a buƙatarsa don aikin cikin gida, saboda haka idan mai sayarwa ya ce aikin bai buƙaci izini ba, a tambaye shi wane izini yake nufi.

Hanyoyi biyu ne lauyanka yake bi. Na farko fom ɗin TA6, inda mai sayarwa yake bayyana sauye-sauyen da aka yi wa gidan, na biyu kuma binciken CON29 da ake nema daga ƙaramar hukuma, wanda yake nuna ayyukan ginin da ke cikin rajistarta. Sau da yawa mai sayarwa yakan rubuta cewa haka ya tarar da gidan kuma bai san lokacin da aka yi aikin ba, wanda yana iya zama gaskiya. Idan ya yi ƙarya a fom ɗin ana iya ƙararsa daga baya, amma shari'a tana da tsada da jan lokaci, kuma ƙa'idar cinikin gida a Ingila ita ce nauyin bincike yana wuyan mai saye. A tuna kuma lauya ba ya zuwa ganin gida. In ba ka gaya masa cewa bangon falo a miƙe yake ba, ba shi da hanyar sani.

Banki ya riga ya aiko wanda ya duba gidan, wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Wanda banki ya aiko kimanta darajar gidan ya zo yi domin amfanin bankin, wani lokaci ma daga kwamfuta ake yin kimantawar ba tare da an taka gidan ba. Binciken da yake naka shi ne wanda ka ɗauki safiyon gini mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu duba gini, ya yi maka. Matakai uku ne, kuma ga gidan da ya haura shekara ɗari ko wanda aka sauya masa fasali, mataki na uku ne ya dace, domin a nan ne ake shiga cikin rufi a duba da kyau.

Shi ma safiyo iyakarsa abin da ido ya gani. Ba ya ɗaga katakon daɓe, ba ya fasa silin. Idan ginshiƙin ɗakin ƙasa kawai aka cire, na bene kuma yana nan, to tallafin yana ɓoye tsakanin silin ƙasa da daɓen bene, kuma rahoton zai ce a nemi injiniyan gini. Wannan shawara ba ta kare kai ba ce kawai, a bi ta. Injiniya zai nemi a ɗaga katako biyu ko uku a ɗakin bene, ko a yanka ƙaramar kafa a silin, ya auna ƙarfen da ke wurin da inda ya zauna, ya yi lissafi ya rubuta ko ya isa. Wannan buɗewar sai da yardar mai gida, kuma yadda ya karɓi roƙon yana gaya maka wani abu game da cinikin.

Wane irin tallafi ne ake amincewa da shi?

Wanda ya fi samun karɓuwa shi ne azarar ƙarfe, wadda magina suke kira RSJ, da injiniya ya lissafa girmanta, bakinta suna zaune a kan dutsen kankare a cikin bangaye masu ɗaukar nauyi. Hanya ta biyu ita ce madogaran ƙarfe masu kusurwa uku da ake ɗaurewa a bangon da kusoshi, a ɗora farantin ƙarfe ko ƙaramar azara a kansu. Wannan ya fi arha, amma ƙananan hukumomi da yawa ba sa yarda da shi sai da sharuɗɗa, wasu ma ba sa yarda da shi ko kaɗan. Sharuɗɗan da aka saba gani su ne kaurin bangon ya kai milimita 215, bulon da kwaɓinsa su kasance da ƙarfi, ginshiƙin maƙwabci kuma yana nan daram a ɗaya gefen. Tsofaffin gidaje da yawa da kwaɓin farar ƙasa aka gina su, wanda ba ya riƙe kusa yadda siminti yake yi, shi ya sa ganin madogaran ƙarfe a cikin rufi bai kamata ya kwantar da hankali ba sai injiniya ya duba. Idan bututun na gidan ne shi kaɗai, rushe ragowar gaba ɗaya a rufe rufin yana kawar da matsalar daga tushe. Idan kuwa za a bar shi, sai a sa masa murfi mai shigar da iska, domin hanyar hayaƙin da aka toshe sama da ƙasa tana tara laima.

Lauyan mai sayarwa ya ce za su sayi inshorar kariya. In karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan, domin a nan ne masu saye suka fi yin asara. Inshorar kariya ta rashin takardar gini tana da arha, sau ɗaya ake biya, ana samunta cikin kwana ɗaya, yawancin bankuna suna karɓarta, kuma tana wucewa ga wanda zai sayi gidan daga hannunka. Saboda waɗannan dalilai lauyoyi da dillalai suna son ta, ciniki yana tafiya ba tare da tsaiko ba.

Abin da take biya shi ne asarar da za ka yi idan ƙaramar hukuma ta ɗauki matakin tilasta maka gyara ko rushe aikin. Ba ta biyan kuɗin sa ƙarfe idan daga baya ka gano bulon yana zaune a kan falanki, ba ta biyan silin da ya rufto, ba ta kuma biyan rauni. Inshorar gida ta yau da kullum ma galibi ta ware ɓarnar da mummunan aikin magini ya jawo. Wato abin da inshorar kariya take rufewa shi ne haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba, wanda ya fi nauyi kuma yana nan yadda yake. A ganina babu laifi a karɓe ta bayan injiniya ya duba ya tabbatar da tallafin a rubuce, amma karɓarta a madadin dubawa kuskure ne, kome matsin da dillali yake yi cewa akwai wani mai saye yana jira.

Akwai kuma tarko a cikin tsarin abubuwa. Da zarar kai ko mai sayarwa ya tuntuɓi ƙaramar hukuma game da wannan aikin, kamfanonin inshora ba za su ba da kariyar ba, wadda aka riga aka saya ma tana iya lalacewa. Saboda haka kada ka buga wa sashen kula da gini waya ka ambaci adireshin gidan kafin ka yi shawara da lauyanka. Kiran injiniya mai zaman kansa ba ya cikin wannan hani, shi ya sa shi ne matakin farko.

Ana iya halasta aikin bayan an riga an yi shi?

Ana iya yi, idan an yi aikin a ranar 11 ga Nuwamba 1985 ko bayanta. Mai gida yana neman takardar daidaita aiki daga ƙaramar hukuma, ita kaɗai ce take bayar da ita. Jami'in dubawa zai so a buɗe wurin ya gani, zai nemi lissafin injiniya, kuma idan tallafin bai kai ba sai an gyara kafin a ba da takardar. Kuɗinta ya fi na neman izini tun farko, tana kuma iya jinkirta ciniki da makonni, amma ita ce hanyar da take barin gidan da ƙarfe a sama da takarda a hannu. Aikin da ya girmi wannan rana ba a daidaita shi, sai dai a dogara da rahoton injiniya, idan kuma aka sa sabon ƙarfe, wannan sabon aikin yana samun tasa shaidar kammalawa.

Hukuma za ta iya bi na kan aikin da ba ni na yi ba?

Gurfanarwa a kotu tana kan wanda ya yi aikin, amma sanarwar tilasta gyara ƙarƙashin sashe na 36 na Dokar Gini ta 1984 ana ba mai gida na yanzu ne. A da wa'adin ba da ita wata 12 ne daga kammala aiki, daga 1 ga Oktoba 2023 kuma Dokar Tsaron Gini ta 2022 ta tsawaita shi zuwa shekara 10 a Ingila. Hukuma tana kuma da ikon neman umarnin kotu, da ikon ɗaukar mataki kan duk ginin da ya zama haɗari kome tsufan aikin. Idan gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi lamarin ya fi tsanani, domin cire ginshiƙi ba tare da izini na musamman ba laifi ne, babu wa'adin da yake shafe shi, kuma ana iya umartar sabon mai gida ya mayar da shi yadda yake.

Maƙwabci fa, yana da ta cewa?

Dokar Bangon Tarayya ta 1996, wadda ta fara aiki a faɗin Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1997, ta wajabta ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin a sassaƙe ginshiƙi daga bangon da gidaje biyu suke tarayya. Idan ba a ba da ita a lokacin ba, ba a komawa baya a ba da ita, sai dai idan za ka sa sabon ƙarfe da zai shiga cikin wannan bango, dole ka ba da taka sanarwar, kuma kuɗin safiyon da maƙwabci zai ɗauka galibi a kanka yake. Yana da kyau ka ƙwanƙwasa ƙofarsa ka gaisa kafin ciniki ya faɗa, ka tambaye shi ko nasa ginshiƙin yana nan, ko yana kunna wuta a murhunsa, ko ya taɓa ganin tsagewa a nasa gefen. Wanda ya daɗe a layin yakan tuna shekarar da aka yi aikin.

Idan filat ne ba gida sukutum ba?

Sai a ƙara duba takardar hayar dogon zango, wadda galibi da ita ake mallakar filat, domin galibi tana hana taɓa ƙashin ginin ba tare da rubutacciyar yardar mai asalin ginin ba, kuma ragowar ginshiƙin yana iya kasancewa a cikin filat ɗin wani da ke samanka, wanda sai da izininsa injiniya zai shiga. A Sikotlan tsarin dabam ne gaba ɗaya, dokar bangon tarayya ba ta aiki a can, sai a nemi lauyan yankin.

Wa zai biya kuɗin gyara, kuma yaushe ne ƙarshen damar janyewa?

Kafin musayar takardun yarjejeniya kowane ɓangare yana iya janyewa, asararka ita ce kuɗin lauya da na bincike da ka riga ka kashe. Bayan musayar kuwa ciniki ya ɗaure, janyewa tana nufin rasa kafin alƙalami, wanda galibi kashi 10 cikin 100 na farashin ne. Duk binciken da aka ambata a sama dole ya ƙare kafin wannan rana. Mai saye a gwanjo ya sani cewa a gwanjon gargajiya faɗuwar guduma ita ce musayar, saboda haka nasa binciken kafin ranar gwanjo ne.

Idan injiniya ya ce tallafin bai isa ba, ko dai mai sayarwa ya gyara ya karɓo takardar daidaita aiki kafin a kammala, ko a rage farashi gwargwadon rubutaccen ƙiyasin magini kai ka gyara, ko lauyoyi su riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gama aikin. Na fi karkata ga rage farashi, domin mai sayarwa da ke kan hanyar fita yakan nemi magini mafi arha, kai kuwa da za ka kwana a ƙarƙashin bulon za ka zaɓi wanda ka yarda da shi. Sharaɗin shi ne bankinka ya amince, domin wasu bankuna suna riƙe wani ɓangare na bashin har sai sun ga shaidar gyara, haka ma masu ba da tsarin sayen gida na musharaka da ijara suna da nasu sharuɗɗan kan lafiyar ginin. A cikin ƙiyasin a sa kuɗin injiniya, da na neman amincewar sashen kula da gini, da na safiyon bangon tarayya, da na gyaran filasta da fenti, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin ragowar ginshiƙin a bar shi babu mai kwana a ciki har sai an sa ƙarfen kuma jami'in dubawa ya gan shi kafin a rufe silin.